Maɓallin yashi da direban da ya dogara da shi: nazarin lamari

## Asalin lamarin

Direban da wannan nazari ya bi diddiginsa ba sabon hannu ba ne. Ya haura shekara goma yana tuƙi, ba a taɓa rubuta masa hatsari ba, sai dai kusan duk tuƙin nasa a kan kwalta ya yi shi. Da ma'aikatarsu ta samu wani aiki can a bayan gari, sai aka ɗora masa kai ma'aikata uku da kayan aikinsu sau biyu zuwa uku a mako, aka damƙa masa sabuwar mota: a-kori-kura mai ƙofa huɗu, injin dizal, giya atomatik.

Hanyar kashi uku ce. Da farko kwalta, sai burji mai tsakuwa da gargada na kimanin kilomita 20, sai busasshen kogi mai faɗin mita 400 wanda yashi ne zalla. A ɗaya gaɓar akwai hawa, shi ma na yashi. Tsawonsa bai fi mita 25 ba, amma a miƙe yake. Motar da mutanenta da lodinta takan kai kilo 2,600. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce a sa wa tayoyi iska psi 35 (psi shi ne ma'aunin matsin iskar taya). Shi kuwa 40 yake sawa, wai saboda lodi.

Kusa da giya akwai abin murɗawa guda biyu. Na farko yana zaɓar ƙafafun da za su ja motar: 2H na baya kaɗai, 4H duka huɗun, 4L duka huɗun amma da ƙaramar giya mai ƙarfi marar gudu. Na biyu yana zaɓar tsarin tuƙi, kowanne da ɗan zanensa: kwalta, tsakuwa, yashi, laka, duwatsu. Akwai kuma maɓallin da ke kulle ƙafafun baya su riƙa juyawa tare. Ranar da aka miƙa masa makulli, abin da aka gaya masa bai wuce wannan ba: in ka shiga yashi, ka murɗa zuwa yashi.

Irin wannan abin murɗawa mai zaɓar tsarin tuƙi bai daɗe a duniya ba. Land Rover ne ya yayata shi da sunan Terrain Response a motarsa Discovery 3 a 2004, daga baya wasu suka fito da nasu: Toyota na da Multi-Terrain Select, Jeep na da Selec-Terrain, Subaru na da X-Mode. Suna ya bambanta, aiki kusan ɗaya ne. Kwamfutar motar tana sauya yadda inji ke amsa totur, da lokacin da giya ke canzawa, da yawan wulwulawar da za a bar taya ta yi kafin a danne ta da birki, da kuma saurin da na'urar ESC mai hana mota zamewa za ta sa baki. Wasu motocin har da yadda birkin ABS, mai hana taya kullewa, ke kamawa.

## Mako na farko: kafewa a tsakiyar kogi

Da misalin ƙarfe 2 na rana suka isa bakin kogin. A wannan lokaci yashi ya fi laushi: ɗan damshin da sanyin dare da raɓa suka bar masa ya tafi, ƙwayoyinsa sun saki juna. Motar na 2H, tsarin tuƙi na kwalta. Ya shiga da gudun kilomita 30 a awa.

Bai yi mita 60 ba ya ji motar ta yi nauyi. Ya ƙara totur, amma maimakon inji ya ɗaga murya sai ya yi ƙasa, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana ta ƙyafta ido a gabansa. Abin da ke faruwa shi ne, a tsarin kwalta kwamfuta na ɗaukar duk tayar da ta fi 'yan'uwanta juyawa a matsayin alamar santsi, sai ta rage wa inji ƙarfi, ta ɗan taka wa wannan tayar birki. A kan kwalta mai ruwa wannan ceton rai ne. A yashi kuwa mota ba ta gaba sai tayoyinta sun ɗan wulwula suna tura yashi baya. Kenan ana zare wa motar ƙarfi daidai lokacin da ta fi buƙatarsa.

Sai ya tuna da abin da aka gaya masa. Ya taka birki ya tsaya. Birkin ya tara tudun yashi a gaban kowace taya, gaban motar ya ɗan nutse. Ya murɗa zuwa 4H, ya murɗa zuwa yashi, ya take totur har ƙasa. Wannan karon babu abin da ya tare inji. Tayoyi huɗu suka riƙa watso yashi sama, cikin 'yan daƙiƙoƙi kowacce ta tona wa kanta rami. Da suka fito suka leƙa, cikin motar da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya sun zauna daram a kan yashi. Nauyin motar ya tashi daga kan tayoyi, suna juyawa ne kawai a banza.

Sun gwada turi, bai yi ba. Sun cusa rassan itace a ƙarƙashin tayoyin baya, tayoyin suka cilla su waje. Ya danna maɓallin kulle ƙafafun baya, fitilarsa ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, domin a wannan motar sai a 4L yake kamawa, 4L ɗin kuma ba ya shiga sai mota na tsaye cak, giya na firi. Babu wanda ya san haka a cikinsu.

Wani mai mota da ya iso gaɓar ya ce a ɗaura igiya a ƙwallon ƙarfen da ake maƙala tirela, ya fizge su ta baya. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya hana. Wannan ƙwallo an yi shi ne don jan kaya a hankali a kan hanya. In aka fizge shi da ƙarfi yana iya tsinkewa ya tashi ta gilashin motar da ke ja, kuma ya sha kashe mutane a haka. A ƙarshe dai jak suka ɗora a kan katako, suka riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya suna cike ramin, suka kwashe yashin da ke ƙarƙashin motar da shebur ɗin aro da hannuwansu, sannan ya yi ribas a hankali ta kan sawunsa. An ɗauki awa uku da rabi. Ranar ba a isa wurin aiki ba.

Abin da direban ya ɗauka daga wannan rana abu biyu ne: ya makara wajen murɗa maɓalli, kuma gudunsa ya yi kaɗan.

## Mako na biyu: maganin gudu

Daga nan ya sauya salo. Tun kafin a sauka kogin yake sa 4H da tsarin yashi, ya ja baya ya ɗauko gudu, ya afka da kilomita 60. Tayoyi na nan a psi 40. Motar takan tsallake, inji na kuka, mutanen baya na riƙe da kujeru. Tafiya biyu aka yi haka lafiya, har ya fara ganin an gama da matsalar.

A ta uku, ƙafar gaba ta faɗa wani kwari da iska ta lulluɓe da yashi. Da tsakar rana yashi ba ya nuna inuwa, tudu da rami duk fari ɗaya ne a ido. Farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji ya lanƙwashe, lodin baya ya zamo gaba ya daki jikin motar. Gudun da ya tara ya tafi, ya isa gindin hawan da ƙyar, ya kama hawa a haka. Saura 'yan mitoci ya kai sama motar ta tsaya.

A nan ya yi abin da yawancin masu tuƙin kwalta za su yi: ya karya sitiyari don ya juyo ya sauko da gaba. Da motar ta ba gangaren gefenta, nauyi ya koma kan tayoyin da ke ƙasa, yashin da ke ƙarƙashinsu ya fara zubewa. Busasshen yashi ba ya tsayawa a karkatar da ta wuce kimanin digiri 34, kuma duk gangaren da ya kusa wannan ma'auni, ɗan nauyi kaɗan ke sa shi ya zube. Motar ta kishingiɗa har tayar baya ta ɓangaren sama ta fara sakin ƙasa. Fasinjoji suka fita ta ƙofofin sama, suka tona yashin da ke ƙarƙashin tayoyin wannan ɓangare har ta ɗan daidaita, sannan aka lallaɓa gabanta ya fuskanci ƙasa. A lokacin ne kuma saƙon zafin man giya ya fito a allon gaban direba. Giyar atomatik tana ɗaukar zafi sosai in inji na aiki da ƙarfi mota kuma ba ta gaba. Sai da suka bar ta tana aiki a tsaye na minti 20 kafin saƙon ya ɓace.

Da yamma wani abu ya ƙara faruwa, ƙarami ne amma yana cikin labarin. Ya manta motar a 4H har suka hau kwalta. Wajen shiga harabar ofis, da ya karya kwana, sai motar ta riƙa tirjewa, tayoyi na ƙara. A irin wannan motar 4H na ɗaure gaba da baya su juya daidai wa daida, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisa. A yashi ko tsakuwa tayoyi kan ɗan zame su sauke bambancin. A busasshiyar kwalta babu inda zai tafi, sai ya taru a ƙarafan da ke juya ƙafafun. Ya murɗa zuwa 2H, ta ƙi fita, sai da ya yi ribas na 'yan mitoci.

## Mako na uku: iska da ido, da kwanar burji

Wani ya gaya masa cewa masu shiga yashi suna rage iskar taya. Bai da geji na auna iskar taya, don haka da ɗan tsinke ya riƙa danna bakin kowace taya har sai ya ga ta ɗan yi tumbi. Bambancin ya fito nan take: motar ta tsallake kogin da gudun da bai kai na da ba, ta kuma haye hawan a karo ɗaya.

A hanyar dawowa aka samu matsala. Sun tsallako kogin da misalin ƙarfe 5 na yamma, ana sauri a isa kwalta kafin duhu. Bai kashe motar ba, bai taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan murɗawar ba, ba shi kuma da famfon da zai mayar da iska. Haka ya kama burji a tsarin yashi, tayoyi a sace, yana gudun kilomita 70. Wata 'yar fitila na kunne a allo tana nuna cewa an sassauta ESC, amma tun a bakin kogi take kunne, ido ya saba da ita.

Bayan kimanin kilomita 8 akwai kwana zuwa hagu, tsakuwa ta taru a gefenta na waje. Ya shiga, ya ɗan ƙara totur a tsakiyarta yadda ya saba a kwalta. A tsarin yashi totur na da kaifi, giya kuma na riƙe da ƙasa-ƙasa don inji ya kasance a sama. Bayan motar ya kwashe zuwa dama. Ya maido sitiyari da sauri, ya wuce gona da iri, bayan ya dawo ta hagu da ƙarfi, tayar baya ta dama ta fice daga bakin ƙarfenta, iskar ta fita gaba ɗaya. Motar ta sauka daga hanya ta tsaya a wani ɗan kwari, ba ta kife ba. Babu wanda ya ji rauni in ban da wanda ya bugu a kafaɗa.

Da bakanike ya auna sauran tayoyin washegari, ya samu 22, 19 da 24. Daga yadda gefen wadda ta fice ya goge, ya ƙiyasta ba ta wuce 12 ba.

## Binciken da aka yi

Ma'aikatar ta dakatar da tafiyar na kwana huɗu, ta haɗa shi da bakaniken da wani dattijon direba wanda ya yi shekaru yana tuƙa tsofaffin motocin daji, irin waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan maɓallai. An fara da littafin motar, wanda har lokacin yana cikin ledarsa. A ciki an rubuta cewa tsarin yashi na sassauta ESC, cewa na tafiya a hankali ne a ƙasa mai laushi, kuma a mayar da motar tsarin da ya dace da zarar an fita.

Ya kamata a ɗan tsaya kan ESC ɗin nan, don ita ce aka rasa a kwanar. Mercedes-Benz da Bosch ne suka fito da ita a 1995. Tana kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar ke tafiya a zahiri, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. In suka saɓa, sai ta taka wa taya ɗaya tak birki don ta maido motar kan layi, abin da ƙafar ɗan'adam ba za ta iya ba tunda feda ɗaya gare shi. Amfaninta ya sa Amurka ta wajabta ta a ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. A yashi mai zurfi takan zama cikas, domin mota kullum tana ɗan karkacewa, ita kuma tana ta birki tana kashe gudu. Shi ya sa tsarin yashi ke ja da ita baya. A tsakuwa da gudun 70, zamewar da ta kwashe bayan motar ita ce ainihin abin da aka ƙera ta dominsa.

Sai aka tafi bakin kogin da geji da famfon taya mai aiki da batirin mota. Direban ya ce, "Baba, wallahi duk ranar da na shiga sai na sa ta a yashi." Dattijon ya ce, "Na ji, ɗana. Zo mu ga tayoyin tukuna."

Ya sa aka tsayar da motar da lodinta a wuri mai tauri, ya zura kwali a gaban taya da bayanta har ya tokare, ya auna tsakaninsu. A psi 40 tsawon inda tayar ta taka ƙasa santimita 17 ne. A 25 ya zama 24. A 18 ya kai 31. Faɗin bai sauya sosai ba, tsawon ne ke ƙaruwa. Lissafin kansa mai sauƙi ne: kowace taya na ɗauke da kusan kilo 650, kuma filin da take takawa, a ƙiyasi, shi ne wannan nauyi a raba da matsin iskar da ke cikinta. In an rage iska da rabi, filin ya kusa ninkawa, nauyin da ke kan kowane ɗan yanki na yashi ya ragu da rabi. Taya mai tauri tana nutsewa, kullum tana ƙoƙarin haye tudun da ita kanta take turawa a gabanta. Mai laushi tana shimfiɗuwa ta bi ta sama.

Daga nan aka yi gwaji uku a kogin, duk da tsakar rana. Na farko: psi 40, 4H, tsarin yashi, tashi daga tsaye a cikin yashin. Tayoyi suka fara tono, aka ɗaga ƙafa nan da nan. Na biyu: psi 18, 4H, amma da gangan aka bar ta a tsarin kwalta. Ta tsallake, ko da yake sau biyu kwamfuta ta yanke ƙarfi motar ta yi kamar za ta tsaya. Na uku: psi 18, 4H, tsarin yashi, gudun kilomita 25, totur a riƙe wuri ɗaya. Ta wuce salin-alin, inji bai ko ɗaga murya ba.

A burji ma an gwada, bayan an mayar da iska 35. A fili mai faɗi, da gudun 30, aka karya kwana aka ƙara totur. A tsarin yashi bayan motar ya zame. A tsarin tsakuwa totur ya yi laushi, giya ta hau da wuri, da bayan ya fara motsi aka ji ESC ta ɗan cafke shi. Bakaniken ya ƙara da maganar birki. A tsakuwa ABS na iya tsawaita nisan tsayawa, domin tayar da ta kulle tana tara tsakuwa a gabanta ta tokare ta, ABS kuwa ba ya barin ta kulle. Wani bincike na hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka a 1999 ya samu ƙarin kimanin kashi 27 cikin 100 a kan sakakkiyar tsakuwa. Ribar ABS a nan ita ce sitiyari na ci gaba da aiki. Nisan kuma da gudu ake rage shi: in gudu ya ninka, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu, don haka saukowa daga 70 zuwa 50 kaɗai na kusan raba shi biyu.

## Mako na huɗu zuwa wata na uku

Aka tsara tafiyar daga farko. Ana fita da sassafe don a tsallake kogin kafin ƙarfe 10. Da an sauka daga kwalta, 4H da tsarin tsakuwa, gudu kada ya wuce 50. A bakin kogi ana tsayawa a ƙasa mai tauri, a rage kowace taya zuwa 18 da geji, a murɗa zuwa yashi, a duba allo a tabbatar ya kama. Wannan dubawa ta zama dole ne bayan da aka gano cewa motar na komawa tsarin kwalta duk lokacin da aka kashe inji. Rannan ya kashe ta suna rage iska, ya shiga kogin yana zaton tana yadda ya bar ta. In iska ta yi kaɗawa da dare, mutum ɗaya kan taka da ƙafa ya duba layin da za a bi.

A cikin yashi ba a wuce kilomita 30, ba a karya sitiyari da ƙarfi saboda kada taya ta fice, in za a tsaya kuma a ɗaga ƙafa daga totur a bar yashin ya tsayar da ita. Hawan ana fuskantarsa kai tsaye. In ta gaza, birki, giyar ribas, a sauko a miƙe ta kan sawu. Ba a sa firi, ba a juyawa. Saukowarsa a dawowa da 4L ake yi, inji na riƙe da motar. Da an fito daga yashi ana mayar da iska 35 a nan take, a fita daga tsarin yashi, a bakin kwalta kuma a koma 2H. An ƙara wa motar shebur, da faranti biyu masu haƙora da ake cusawa ƙarƙashin taya, da igiyar ja mai ɗauke da ma'aunin ƙarfinta, aka nuna masa ƙugiyoyin da ke ɗaure a jikin ƙashin motar inda ake maƙala ta.

A cikin wata ukun motar ta kafe sau ɗaya, ranar da aiki ya riƙe su suka dawo da tsakar rana da lodi fiye da na kullum. Da ya ji ta daina gaba tayoyi na juyawa, ya ɗaga ƙafa. Suka kwashe yashin bayan tayoyi, suka rage iska zuwa 15, suka sa farantan, ya yi ribas a 4L, ya sake ɗauko layi. Minti goma. Saƙon zafin giya bai sake fitowa ba, ba a kuma sake rasa taya ba. Abin da tsarin ya ci shi ne lokaci: ragewa da mayar da iska na ƙara kusan rabin awa a kowace tafiya, kuma fitilar gargaɗin iskar taya na kunne muddin ana cikin yashi. Da ruwan sama ya fara sauka aka bar wannan mashigi aka koma zagaye ta gada, domin yashin da ruwa ke gudana a ƙarƙashinsa kan yi tauri a sama ya rufta da mota, kuma babu zanensa a jikin abin murɗawar.

## Abin da lamarin ya nuna

A ganina maɓallin bai yi laifi ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da aka murɗa shi ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Kuskuren yana wajen fahimtar mene ne wannan abin. Direban ya ɗauka tsarin yashi ƙarin riƙo yake ba motar. Alhali babban aikinsa janye masu tsaro ne: yana cewa kwamfuta ta bar tayoyi su wulwula, ta bar mota ta karkace, ta miƙa wa ƙafar direba ragamar da take riƙe da ita. A hannun wanda ke tafiya a hankali da tayoyi masu laushi, wannan sassauci shi ne ke kai shi gaɓa. A motar da ta riga ta tsaya, shi ya ba tayoyi damar binne ta. A burji kuma shi ya bar ta ba mai tarewa. Gwaji na farko da na biyu a kogin sun fi komai bayyana matsayin kowanne: iskar da ta dace da tsarin da bai dace ba sun tsallake, tsarin da ya dace da iskar da ba ta dace ba sun kama tono.

Gudun mako na biyu shi ne mafi haɗari a cikin abubuwan da ya gwada, saboda ya yi aiki har sau biyu. Abin da ya gaza tun farko mutum kan bar shi. Wanda ya ci nasara da sa'a shi ake maimaitawa. Rage iska da ido kuwa dabara ce mai kyau da aka yi rabi, kuma rabin da aka bari, wato geji da famfo, shi ne ya kai su kwari.

Kaso mafi girma na alhakin ina ɗora shi ne a kan ma'aikatar. Ta ba mutum mota mai tsarin tuƙi biyar, ta tura shi hanyar da bai taɓa bi ba, babu geji, babu shebur, babu awa ɗaya ta koyarwa, kuma ba ta tsaya ta bincika ba sai a karo na uku, bayan motar ta riga ta kishingiɗa a kan gangare da mutane a ciki. Shekara goma a kwalta ba ta koya wa kowa cewa birki na nutsar da mota, ko cewa juyawa a kan hawa ya fi ribas haɗari.

Akwai kuma ƙorafin da ya dace a kai wa masu ƙera motoci gaba ɗaya. Sassauta ESC babban al'amari ne, amma sau da yawa alamarsa 'yar fitila ce da ba ta fi ƙwayar wake ba. Wasu motocin na maido ta da kansu in gudu ya wuce wani ma'auni, wasu sai an kashe inji, wasu kuma suna nan yadda aka bar su. Mai irin wannan mota ya kamata ya buɗe littafinta ya ga wacce ce tasa a cikin ukun, ya kuma duba ko kulle ƙafafun baya na kamawa a 4H ko sai a 4L, tun motar na tsaye a harabar gida.